Masu toshe ramin filash da gam, ku zo mu yi magana

Jiya bayan la'asar wani abokin sana'ata da ke da shago a Kongo, nan Zariya, ya kira ni yana ta murna, wai ya rabu da bairos har abada. Na ce ikon Allah, me ka yi? Wai gam ya sayo ya tsiyaya a ramukan USB na kwamfutocinsa uku, ya bar biyu-biyu kawai na mawus da kibod. Na ce malam, yaron da ya zo da filash yana sauri kai kuma kana can wurin fotokofi, me zai hana shi zare mawus ɗin ya soka abinsa? Ya yi shiru, can ya ce bari ya sake kirana. Har yanzu bai kira ba.

Ni shagon firintin da buga furojet nake da shi a Samaru, kuma duk wanda ya san lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin kai aiki ya san abin da nake nufi, layi har bakin titi, kowa da filash a hannu, wani a maƙale da makullin ɗaki, wata a cikin jaka tare da man leɓe, wani ma aro ya yi wurin abokin kwanansa wanda shi ma aro ya yi. Bara wata yarinya ta zo saura kwana biyu ta kai wa malamin da ke duba aikinta, muka soka filash, foldojin nan gaba ɗaya sun koma shotkot, kowanne da 'yar kibiyar nan a gefe, girman kowanne bai wuce KB ɗaya ko biyu ba. Ta dafe kai ta zauna a kan bencin tana innalillahi, babi biyar, wata bakwai tana fama. Na ce ƙanwata kwantar da hankalinki, kar ki taɓa komai. Aikinta yana nan, ɓoye shi aka yi, wannan bairos ɗin haka yake, yana sa wa fayilolin alamar ɓoyewa sai ya ajiye shotkot mai sunansu don ka danna ya shige maka. Layi ɗaya na attrib, umarnin da ke cire alamar ɓoyewa, na buga a baƙin allon nan na rubuta umarni, komai ya dawo. Ta yi ta godiya kamar na ciro mata aljani, alhali ni abin da ke raina daban, wato shagon waye ta fito kafin nan, kuma mutum nawa za su bi ta kwamfutar can yau.

To abin da nake son faɗa shi ne, yawancinmu ba mu ma tsaya mun tantance mene ne abin zarewa ba kafin mu fara kulle-kulle. Mu a idonmu duk abin da ake sokawa a cire, shi ke nan. Kwamfuta ba haka take gani ba. Filash shi ke gabatar da kansa, akwai wata 'yar alama a cikinsa da ke gaya wa Windows cewa ni na zarewa ne. Amma ka kawo had disk na waje, irin mai kebul ɗin nan da masu tura finafinai ke yawo da shi, ka soka a ramin nan dai guda, galibi sai ka ga ya fito a matsayin Local Disk, kamar a cikin kwamfutar aka haife shi, alhali ya zaga Sabon Gari da PZ da Tudun Wada kafin azahar. Waya kuma ajinta daban, Windows ba ta lissafa ta cikin faifai sam, tana ƙarƙashin wani rukuni da ake kira WPD tare da kyamara da makamantansu. Abin dariyar ma, a wasu kwamfutocin tebur had disk ɗin da ke ɗaure da kusa a ciki shi ne zai fito a jerin abubuwan da za ka iya cirewa, saboda yadda aka saita ramin SATA, wato inda ake jona shi a ciki. Masu amfani da Linux a madadin Windows ma ba su tsira ba, akwai wani ɗan fayil mai suna removable da ke nuna 1 ko 0, filash ya kan ba da 1, had disk na waje sau da yawa 0.

Ni na koyi wannan da kuɗina. Na taɓa kulle filash a kwamfutar da nake ajiye lissafin shago da takardun mutane, na koma ina jin kaina gwani, ashe yaron shagona kullum yana soka wayarsa wai caji yake, kuma hanya a buɗe take, yana kwasa yana zubawa, ba da mugunta ba, waƙoƙi da hotuna ne, amma da takardun kwastoma ne fa? Na rufe ƙofa na bar taga.

Shi ya sa ni yanzu ba na tambayar ko abu na cirewa ne. Tambayata ita ce ina ya kwana jiya, kuma hannun wa ya bi. Had disk ɗin da nake ajiye kwafin aikina, wanda ba ya fita daga durowa sai ranar Juma'a da safe, ɗan gida ne ko da kebul ne da shi. Memorin wayar kwastoma baƙo ne. Wayar yarona baƙuwa ce, duk da ina ƙaunarsa. Filash ɗina na kaina da na je na soka a wani shago don firintata ta ƙi, daga ranar ya zama baƙo har sai na wanke shi.

Sannan izini ba abu ɗaya ba ne, wannan ne mutane ba sa son tsayawa su ji. Uku ne: karantawa, rubutawa, da kunna manhaja daga cikin abin. A Windows ka buɗe gpedit.msc, wurin saita dokokin kwamfutar, ka gangara ta Administrative Templates zuwa System zuwa Removable Storage Access, za ka tarar an raba su ɗaya bayan ɗaya, na faifan zarewa daban, na CD da DVD daban, na waya daban, har da guda ɗaya mai kulle dukkansu lokaci guda, wanda shi ne gam ɗin abokina amma mai ɓarewa. Sai dai fa gpedit yana cikin Windows Pro ne, mai Windows Home ba zai gan shi ba, gara ka duba kafin ka zage ni. A shagona kwamfutar gaba da ake firintin tana karanta filash, ba ta rubuta masa, ba ta kunna komai daga cikinsa. Amfanin hana rubutun biyu ne, idan ma ita ta kamu ba za ta shafa wa na baya ba, kuma ba mai kwashe furojet ɗin wani ya tafi da shi, don wannan ma yana faruwa, ku tambayi ɗalibai. Wanda ya zo sikanin yana son a zuba masa a filash, akwai kwamfuta guda a kusa da ni, ni kaɗai ke taɓa ta.

Kar kuma wani ya ɗauka hana kunnawa ya gama komai. Shotkot ɗin nan wayo gare shi, wata manhajar da ke cikin Windows ɗin kanta yake kira ta karanta masa rubutunsa, don haka dole yaran shago su yi aiki da akawun marar ikon admin, kuma a koya musu idan sun ga folda da kibiya su ɗauke hannu. Kuma kar ka ce za ka saita izinin a jikin filash ɗin, yawancinsu tsarin ajiyarsu FAT32 ne ko exFAT, ba su san mai fayil ba balle wanda aka hana, tsarin NTFS ne ke da wannan. Tsaron a kwamfutarka yake.

Na san masu cewa a daina karɓar filash kwata-kwata, kowa ya turo ta WhatsApp ko imel. Ba su yi ƙarya ba, manya ma sun yi haka, sojojin Amurka sun haramta filash a 2008 bayan wata tsutsa, wato bairos mai yaɗa kansa, ta shige musu ta nan, wata tsutsar mai suna Stuxnet da aka gano a 2010 ma ta filash ta isa injinan nukiliyar Iran, IBM kuma ta hana ma'aikatanta a 2018. Amma su suna da intanet da ba ya yankewa. Ni a nan ranar da sabis ya ɗauke, ga janareta na shan mai, ga mutum ashirin a layi, ga furojet mai hotuna da taswira da ya ƙi tafiya, in ce wa ɗan mutane ya koma hostel ya nemo data? Shago na gaba zai shiga, kuma da gaskiyarsa. Ita kanta Microsoft ba ta toshe ramin ba, hana filash kunna kansa ta yi tun daga Windows 7, sannan a 2011 ta tura gyaran ga masu XP da Vista. Har yau kuwa akwai shagunan da ke kan tsohuwar Windows ɗin da ba ta taɓa ganin sabuntawa ba, kuma duk mu a tafki ɗaya muke wanka, filash ɗin da ya fito daga can wurina zai ƙare.

Saitin nan gaba ɗaya bai kai minti goma a kwamfuta ɗaya ba. In mutumin Kongo ya sake kira zan gaya masa in ya shirya zan hau keke napep in zo ranar Asabar in yi masa kyauta, shayi kawai zai saya. Ramukan da ya riga ya cika da gam kuwa, wannan sai dai ya nemi mai gyara a PZ, ni ba na taɓawa.