Ayahuasca ganye ne, amma yana da haɗari

Yana damuna yadda ake yawan cewa tunda ayahuasca, wani abin sha na maganin gargajiya, daga ganye da kuranga ake haɗa shi, kuma mutanen dajin Amazon sun daɗe suna amfani da shi, to ba ya cutarwa. Da wannan tunani Turawa da Amurkawa da dama ke zuwa Iquitos a ƙasar Peru, su biya kuɗi su zauna a sansanonin masu magani, suna neman waraka daga damuwa ko shaye-shaye. Buƙatarsu ta gaskiya ce, kuma Peru da kanta ta ayyana wannan al'ada cikin gadon ƙasa a 2008.

Sai dai abin sha ne mai ƙarfi. Ana dafa kurangar caapi tare da ganyen chacruna mai ɗauke da sinadarin DMT, wanda ke juya hankali ya sa mutum gane-gane. Kurangar ce ke hana jiki narkar da DMT a ciki, shi ya sa yake isa ƙwaƙwalwa. Haɗarin ma daga nan yake fitowa. Misali, mai shan maganin ciwon damuwa irin fluoxetine, in ya sha ayahuasca, sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, na iya taruwa a jikinsa fiye da kima, ya jawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, jijjiga, har rasa rai. Ayahuasca yana kuma ɗaga hawan jini, ya iya tayar da taɓin hankali ga mai tarihinsa.

Ko a al'adar Shipibo, wata ƙabila ta dajin Amazon a Peru, sau da yawa mai maganin ne ke sha bayan shekarun horo, ya rera wa majinyaci waƙoƙin waraka, ba lallai majinyacin ya sha ba. Wasu sansanonin baƙi kuwa ko tambayar magungunan da mutum ke sha ba sa yi.