Makiyayi ne yake fara ganin annoba

A watan Mayun 2025 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a Janeba. Na yi murna, wallahi. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yana nan kusa da mu, a karar shanu da kasuwar kaji.

'Yan'uwa, ku tuna 2016 a jihar Tawa ta nan Nijar, wajen Cintabaradan da Tasara. Lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya kama mutane, dabbobi ma suna ta ɓari suna mutuwa a daji, kuma akasarin waɗanda suka kamu makiyaya ne masu taɓa jini da mahaifar dabba. Haka a Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, makonni kaɗan bayan an tabbatar da ita a Kaduna. Masana sun ce kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtukan da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke fitowa. Ke nan wanda yake fara ganin alama shi ne makiyayi, da mahauci, da tsohuwar da ta wayi gari kajinta sun zube a akurki.

To me zai sa su faɗa? Nan ne nake so mu tsaya. Mutumin da tumaki goma ne duk arzikinsa, idan ya san kai rahoto na nufin a hana shi kasuwa ko a kashe masa dabbobi ya tashi a tutar babu, shiru zai yi. Zai yanka dabbar da ta kamu kafin ta mutu, ya sayar da naman da araha, mu kuma mu saya mu kai gida. Ni ban ga laifinsa ba, iyali yake ciyarwa. Duk na'urar da za a kafa a Turai ba za ta ga cutar da aka ɓoye a ruga ba.

Ga kuma iyakar Nijar da Najeriya. Sanƙarau da ya taso a jiharmu ta Damagaram a ƙarshen 2022 ya taɓa Dungas da Magarya da Matamai, a Jigawa ma an sha fama da shi. Dangi ɗaya muke, kasuwa ɗaya muke ci. Tafkunan da muke sha tare da dabbobi da damina kuwa, wa yake auna ruwansu?

Abin da nake roƙon hukumomi: a ware kuɗin diyya tun kafin cuta ta zo, a kuma biya da wuri. A samar da lambar waya kyauta da makiyayi zai kira ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci. Kuma ranar da likitan dabbobi ya ga ɓari ya yi yawa a wani gari, a ranar malamin asibitin garin ya sani, ba sai takarda ta je Yamai ta dawo ba.