Haushin gwamnati daban, gaskiyar annoba daban

'Yan'uwa matasa, akwai kuskure guda da aka yi ta maimaitawa a ƙasashe da dama lokacin kullen korona, kuma zai dawo duk ranar da wata annoba ta ɓulla. Mutum ya tattara abubuwa uku ya yanke musu hukunci ɗaya: abin da masana suka gano game da cutar, dokar da gwamnati ta kafa, da halin masu riƙe da mulki. Gwamnati na iya kafa doka ba tsari, shugaba na iya taka dokar da ya sa wa hannu, amma ƙwayar cuta ba ruwanta da wannan. Wanda ya yar da takunkumin fuskarsa don shugabanni sun ɓata masa rai, haushin kaza ya huce a kan dami, kuma mahaifiyarsa mai ciwon suga ce za ta kwana a asibiti.

Ba mu ce fushin ba shi da dalili ba. A Indiya, ranar 24 ga Maris 2020, an sanar da kulle ƙasar baki ɗaya saura kamar awa huɗu dokar ta fara aiki, 'yan ci-rani suka wayi gari ba aiki ba mota, da yawa suka taka ɗaruruwan kilomita da ƙafa zuwa ƙauyukansu. A Birtaniya an hana mutane taruwa da yawa ko a wajen jana'izar iyayensu, ashe ana ta liyafa a fadar firaminista, har 'yan sanda suka ci tarar firaministan lokacin, Boris Johnson, a Afrilun 2022. Irin wannan cin amana ne, ku kira shi da sunansa. Sai dai bai rage ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda cutar ke kamawa ba.

Abin da ke sa kulle ya yi kama da yaudara lissafi ne, kuma ya kamata kowane mai ilimin boko ya iya bayyana shi ga na gida. Cuta mai yaɗuwa ba ƙaruwa take yi da ɗaiɗai ba, ninkawa take yi. A ce masu ɗauke da ita 100 ne yau, kuma adadin yana ninkawa duk bayan kwana uku. Bayan kwana 15 sun zama 3,200, bayan kwana 30 sun haura 100,000. Lokacin da ya dace a rufe gari shi ne lokacin da suke 100, wato daidai lokacin da babu wanda ya san mara lafiya ko ɗaya, kowa yana cewa "ni dai ban ga gawa ba". Idan an yi kullen a kan kari kuma ya yi aiki, asibitoci ba za su cika ba, sai a ce da ma ƙarya ce. Hana zirga-zirga a lokacin annoba kuwa ba baƙon abu ba ne: hadisi ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke, ya hana na ciki fita.

Sannan akwai jinkiri. Korona ta farko kan ɗauki kamar kwana biyar kafin alamunta su bayyana, wani ma har 14. Wanda za ta tsananta masa yakan ƙara kusan mako guda kafin numfashi ya gagare shi, mutuwa kuma sai bayan haka. Saboda haka alƙaluman da aka sanar yau hoton mako biyu zuwa uku da suka wuce ne. Italiya ta rufe ƙasarta ranar 10 ga Maris 2020, amma mace-mace suka ci gaba da hawa har 27 ga watan, ranar da aka sanar da mutuwar sama da mutum 900. Wanda bai san da wannan jinkirin ba zai ce dokar ba ta amfana komai ba, alhali waɗanda ke mutuwa sun kamu tun kafin a rufe.

Alƙaluman hukuma ma a iya karanta su. Adadin "waɗanda aka tabbatar" ya dogara ne da yawan gwaji; ƙasar da ba ta gwaji sosai za ta fito da ɗan adadi. Ku nemi kason waɗanda aka samu da cutar cikin waɗanda aka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a Mayun 2020: ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na tsawon kwana 14 kafin a sassauta. Masu cewa an zuzuta mace-mace su duba wannan: ƙasashe sun ba da rahoton mutuwar miliyan 5.4 a 2020 da 2021, amma da aka kwatanta da yawan mutuwar da aka saba gani a shekarun baya, ƙiyasin hukumar ya kai miliyan 14.9. Ƙirgar ta gaza ne, ba ta wuce gona da iri ba.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne masana suna canza magana. Gaskiya ne. Da farko an ce mai lafiya ba ya buƙatar takunkumi, sai hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya matsaya ranar 3 ga Afrilun 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta biyo baya ranar 5 ga Yuni, bayan hujjoji sun taru cewa mutum na yaɗa cutar tun kafin ya ji ciwo. Laifin jami'ai a nan shi ne yin magana da tabbaci a kan abin da ake kan bincike, da rashin fitowa fili su ce ƙarancin takunkumi ga ma'aikatan asibiti na cikin dalilansu. Tambayar da za ku riƙa yi ita ce: wace sabuwar hujja ce ta zo? Idan an nuna ta, canjin alamar aiki ne. Ku dubi wani nau'in kulorokwin da aka yi ta yayatawa cewa yana maganin korona. An gwada shi a kan dubban majinyata a asibitocin Birtaniya, wasu aka ba su wasu ba a ba su ba, a Yunin 2020 aka ga bai rage mutuwa ba. Wannan gwajin dai shi ya gano cewa dekisametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Da cinikin magani mai tsada ake yi, da ba a tallata wannan ba. A kula: bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin ba, don haka kada wani ya saya ya sha don mura.

Haka batun allurar rigakafi. Saurin fitowarta ya tsorata mutane, amma tushen fasahar ya daɗe. Aikin masana kimiyya biyu, Katalin Karikó da Drew Weissman, da ya buɗe hanyar yin allura irin ta kamfanin Pfizer ya fito tun 2005. An gwada allurar Pfizer a kan mutum sama da 43,000. Cikin 170 da suka kamu, 162 daga rukunin da aka yi wa allurar ruwan gishiri ne, takwas kacal daga waɗanda aka yi wa ta gaske. Daga nan aka samo lissafin cewa allurar na rage haɗarin kamuwa da kashi 95 cikin ɗari. Da aka gano daskarewar jini a ɗan ƙalilan ɗin da suka karɓi ta AstraZeneca, hukumar magunguna ta Turai ta sanar a Afrilun 2021, ƙasashe suka sauya wa matasa wata. Idan kuma aka turo muku cewa yawancin masu kwance a asibiti an yi musu allura, ku yi wannan lissafin. A ce mutum 1,000, an yi wa 900. Kashi 1 na masu allura sun kwanta, tara ke nan. Kashi 5 na marasa allura sun kwanta, biyar ke nan. Masu allura sun fi yawa a gadon asibiti, amma haɗarin marasa ita ya ninka sau biyar.

Saƙon waya kuwa, ku ne ƙofarsa, domin iyaye da kakanni daga wajenku suke ji. Kafin ka tura, nemi sunan mai maganar da inda yake aiki, ba "wani babban likita" ba. Duba kwanan wata, tsohon bidiyo ake yawan sabuntawa. Shiga shafin hukumar da aka jingina wa maganar ka gani ko tana nan. Saƙon da ya ce "tura kafin a goge", ko ya ƙare da lambar mai sayar da magani, ka tsayar da shi a wajenka. A Iran sama da mutum 700 suka mutu a farkon 2020 sakamakon shan barasa mai gubar metanol, a lokacin da jita-jitar cewa barasa na kashe cutar ta game gari. A Birtaniya an ƙona gomman turakun sadarwa saboda ƙaryar cewa fasahar sadarwa ta 5G ce ke haddasa cutar.

Gwamnati kuma ku matsa mata, amma a kan abin da ake iya aunawa. Wane adadi ne ya sa aka rufe, wane adadi zai sa a buɗe, yaushe za a sake duba dokar? Me aka tanada wa mai neman na yau da yau, da gidajen da ba ruwa? Nawa aka kashe, su wa aka bai wa kwangila? Wa zai hukunta jami'in tsaron da ya doki mai neman abinci? A rubuta, a ajiye hujja, a kai ga 'yan jarida da 'yan majalisa da kotu. Kullen da ba abinci a cikinsa ba ya ɗorewa, masana lafiya da kansu sun faɗi haka.

Abu na ƙarshe, rashin yarda ya fi yin kisa a cikin gida, inda ake ɓoye mara lafiya don tsoron a killace shi. A ware masa ɗaki, a buɗe tagogi, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi da takunkumi, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Idan numfashi ya yi masa wuya yana zaune, ko ƙirji ya ɗaure, ko ya fara ruɗewa, ko leɓɓansa suka sauya launi, a kai shi asibiti a ranar. Korona kan rage iskar oksijin a jini tun mutum bai ji shaƙewa sosai ba, shi ya sa wanda aka jira sai ya galabaita yakan isa a makare.