Katafaren gini ba ya kashe kasuwa shi kaɗai

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar an gina katafaren waje mai haɗe da shaguna, ofisoshi da wuraren cin abinci, to tsofaffin kasuwanni sun shiga uku, kuɗin hayar rumfuna kuma zai faɗi warwas. Ba haka abin yake ba.

A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin Zoo Road da ke Kano. Kantin Kwari da Singa ba su girgiza ba, domin masu sayayyar daban ne. Ɗan sari da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram dilar atamfa yake nema, da ragi, da bashin amana daga uban gidansa, ga ɗan dako tsaye a bakin rumfa yana jiran kaya. Mai tura keken sayayya cikin sanyin na'ura wata buƙata ce ta kawo shi. Hasali ma Shoprite, babban ɗan hayar ginin, ya tattara ya bar Kano a farkon 2024, Kwari kuwa tana nan cike maƙil.

Abin da ke taɓa haya da gaske shi ne a ɗauke sana'a guda ɗungurungum. Da aka tilasta wa masu sarin magunguna barin Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, ciniki ya bi su, kuma masu shagunan da aka bari ne suka fara ji a jikinsu.