Yaran Teen Titans Ba 'Ya'yan Manyan Jarumai Ba Ne

Mutane da yawa suna ɗauka matasan ƙungiyar Teen Titans ta littattafan zane na kamfanin DC 'ya'yan cikin manyan jarumai ne. Ba haka abin yake ba. A 1964 aka fara haɗa su uku: Robin, Kid Flash da Aqualad. Robin na farko, Dick Grayson, maraya ne, iyayensa 'yan wasan lilo ne da aka kashe, Batman ya ɗauki riƙonsa. Kid Flash kuwa, wato Wally West, ɗan ɗan'uwan Iris ne, wadda Flash ya aura daga baya. Aqualad ma ba jinin Aquaman ba ne. Almajirai ne da ake rainonsu, kuma a ganina nan daɗin labarin yake. Sai a 2006 Damian, ɗan Batman na cikinsa, ya fara bayyana a littattafan.