Tarwaɗa ruwa-biyu: a ci, amma kada a ajiye ta iri

'Yan uwana masu kiwon kifi, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba ni da ja a kan haɗa tarwaɗa da ramboshi. Tarwaɗa tana saurin balaga, ga yawan ƙwai, ga juriya ko ruwa ya ɓaci. Ramboshi kuwa jiki gare shi, sai dai yana jinkirin balaga. A yi wa macen tarwaɗa allurar Ovaprim, maganin da ke sa ƙwanta su nuna, rabin mililita a kowane kilo na nauyinta, bayan kamar awa 10 zuwa 12 a matse ƙwanta, a fede namijin ramboshi a ɗebi maniyyinsa a gauraya, cikin kwana ɗaya, ko kwana ɗaya da 'yan awanni, su ƙyanƙyashe. Wannan ɗan shi masana ke kira Heteroclarias. Ana gane shi da ɗan guntun tozon nama kusa da wutsiya, wanda ya gado daga ramboshi, tarwaɗa ba ta da shi. Yana girma, yana cika faranti, masu gashi suna son sa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wasu masu ƙyanƙyasa sukan ɗauki ruwa-biyun nan su mayar da shi uwa ko uba, don kawai sun gan shi ƙato. An daɗe ana cewa ba ya haihuwa, alhali wasunsu suna haihuwa sarai. Jikokin ne ba sa fitowa daidai: wani kamar ɗan yatsa, wani ya kusa damtse, manyan su bi ƙananan su haɗiye. Na taɓa sayen irin waɗannan a wata gona da aka rantse mini zalla ne. Kullum ina tantancewa ina warewa, buhunan abinci suna ƙarewa, kifi yana raguwa. Wallahi ranar kwashewa sai da na yi hawaye.

Abin da ya fi tsorata ni ma ambaliya ce. Duk daminar da kududdufai suka cika suka tumbatsa, kifayen nan kogi suke shiga, su cakuɗu da na asali. In suka gurɓata ramboshin Kainji da na Binuwai, ina za mu sake samo iyaye masu tsabta?

Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, Jihar Neja. Ina roƙon masu ƙyanƙyasa su riƙa neman shawara can, su ware tankin iyaye zalla, kowane da shaidarsa. Mai saye kuma, kafin ka biya, ka ce a kamo maka uwar da uban ka duba bayansu da idonka.