Sayen gida daban, zama ɗan gari daban: Turawan Ingila a ƙauyukan Faransa

Ranar Alhamis kasuwar Eymet take ci. Wani ɗan ƙaramin gari ne a jihar Dordogne, kudu maso yammacin Faransa, mutanen cikinsa ko 3,000 basu kai ba, amma in ka tsaya a dandalin tsakiyar garin da hantsi wallahi sai ka ɗauka a wani lungu na Ingila aka sauke ka, ta nan Ingilishi ta can Ingilishi, ga masu saida ganyen shayi da waken gwangwani irin na can gida, garin har kulob ɗin wasan kurket gare shi, wasan da yawancin Faransawa ko dokarsa basu sani ba. Jaridun Birtaniya ma sun daɗe da laƙaba wa yankin suna, Dordogneshire, wato sun ɗaura masa jelar sunayen gundumominsu irin su Yorkshire.

Ni na san wajen ne lokacin ina karatu a Bordeaux, hutu biyu na yi ina aikin tsinkar 'ya'yan itace a wata gona a ƙauyen da bai da nisa da Bergerac, kuma tun lokacin abin nan yake min yawo a rai, shin mutum yaushe ne yake tashi daga baƙo ya zama ɗan gari? Domin na ga masu shekara 15 a ƙauye waɗanda har gobe baƙi ne, na kuma ga wadda bata kai haka ba amma in ta yi kwana biyu ba a gan ta ba sai an je an buga mata ƙofa.

Abin da ya kawo su dai ba ɓoyayye bane. Gida a Landan ko kudancin Ingila tsada yake kamar me, mutum in ya yi ritaya ya saida ɗan gidansa sai kuɗin ya saya masa tsohon gidan dutse a ƙauyen Faransa, da rumbu da fili da bishiyoyi, har canji ya rage. Su kuma ƙauyukan tuni matasansu suka watse zuwa Bordeaux da Toulouse da Paris, gidajen kakanni suna nan a rufe rufi na zubewa. Sai ga jirage masu arha sun fara sauka Bergerac da Limoges tun farkon shekarun 2000, ga kuma dokar Tarayyar Turai da ta ba kowane ɗan ƙasa a cikinta damar zama inda ya ga dama ba biza ba komai. Kafin Birtaniya ta fita daga tarayyar, 'yan ƙasarta kusan 150,000 ne ke zaune a Faransa, a Sifaniya kuwa masu rajista sun tasam ma 300,000. Masu son tarihi a cikinsu har tuna maka suke cewa ai yankin nan ƙarƙashin sarautar Ingila yake shekaru wajen 300, sai 1453 aka kore su a yaƙin Castillon. To wannan tsohon zance ne, ba shi zai sa maƙwabci ya amsa maka gaisuwa ba.

Akwai wani dattijo da nake haɗuwa da shi gidan burodi kusan kullum da safe. Zai shigo ba sallama, ya nuna burodin da yake so da yatsa, ya ɗaga yatsu biyu, ya zube kuɗi a kan teburi ya juya. Matar da ke saidawa bata taɓa ce masa komai ba, amma kana ganin fuskarta ka san abin na ci mata rai, ranar nan bayan ya fita ta kalle ni tace shekararsa 12 a ƙauyen nan. Shekara 12! Wanda bai san Faransa ba zai ce meye a ciki, ai ya biya kuɗinsa. To a ƙauyen Faransa shiga shago ba tare da ka ce bonjour ba daidai yake da ka faɗa zauren mutum a Zinder ko Katsina ba sallama ka hau faɗin abin da ya kawo ka. Ba wanda zai zage ka, amma an gama yi maka hukunci. Mutumin nan ba mugu bane, na tabbata. Kawai dai ya tsara rayuwarsa yadda baya buƙatar kowa, magininsa Bature ɗan uwansa, mai gyara masa famfo haka, talabijin ɗinsa tashoshin Ingila yake kamawa, abokan hirarsa duk 'yan can ne, in takardar haraji ta zo akwai wanda yake biya ya fassara masa.

Ita kuma ɗayar a wajen jana'iza na fara lura da ita. Wani tsohon manomi ne ya rasu, ƙanin mai gonar da nake wa aiki, muka je maƙabarta bayan an fito daga coci, yayyafi ake yi, sai ga wata Baturiyar Ingila mai furfura riƙe da lema tana tare wa matar mamacin ruwa, ita kanta kafaɗarta a jiƙe. Faransancinta duk a karye yake, namiji ta mai da shi mace, mace ta mai da ita namiji, amma ba ta fasa magana ba kuma ba wanda ya damu. Daga baya aka ban labari cewa watanni ta yi tana kai mutumin asibiti a motarta saboda 'ya'yansa na nesa. Tana cikin kwamitin shirya bikin ƙauye, ita ke jera kujeru ita ke wanke kwanuka in an tashi daga cin abincin gari na bazara, sannan kansila ce a majalisar ƙauyen. In ana maganarta ba a cewa Baturiyar nan, sunanta ake kira.

Gaskiya abin da ake nema wajen baƙo a irin waɗannan ƙauyuka ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai yana cin lokaci kuma kuɗi baya sayensa. In ka tare ka je ofishin magajin gari ka gabatar da kanka tun kafin ka buƙaci izinin gini. Ranar 11 ga Nuwamba ka fito ka tsaya cikin sanyi gaban dutsen da aka rubuta sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, zaka ji sunan gidan maƙwabcinka sau biyu sau uku, daga ranar kallon da kake masa zai canza. Ƙarshen shekara 'yan kwana-kwana zasu zo ƙofarka da kalanda, yawancinsu 'yan sa-kai ne, manoma da kafintocin garin, ka basu abin da ya samu kace su shigo su zauna. Kar ka buga wa mutum waya tsakanin sha biyu da biyu, lokacin cin abinci ne kuma da gaske suke. Ranar Lahadi a lokacin farauta zaka ji harbin bindiga ana bin aladun daji da ke ɓarna a gonakin masara, kafin ka garzaya kai ƙara ka fara tambayar manomin nawa ya yi asara bara. Sannan babba a ciki, ka zauna lokacin hunturu. Mutanen ƙauye suna ƙirga gidajen da tagoginsu ke rufe daga Oktoba zuwa Afrilu, sun san wanda rana ce kawai ta kawo shi.

Nasan akwai masu cewa ana matsa wa mutanen nan da yawa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Koyon sabon yare kana da shekara 65 ba wasa bane, kunne ya yi nauyi, harshe ya bushe, ga tsofaffin ƙauyen da karin harshensu na kudu wanda ko ɗan Paris sai ya kasa kunne. Kuma kar a manta alherinsu, gidaje da yawa da yanzu kufai ne ba don su ba, magina da masu rufi sun samu aiki, akwai ƙauyukan da makarantar firamarensu ta tsira daga rufewa saboda wasu iyalai 'yan Ingila sun zo da yara uku huɗu adadi ya cika. Su ma mutanen ƙauyen ba mala'iku bane, akwai inda ko Bafaranshe ne ya zo daga wata jiha sai ya shekara 30 ana ce masa baƙo. Duk na yarda. Amma matar nan mai lema ita ma da furfurarta ta fara koyo, kuma har na baro wajen bata iya da kyau ba. Ba ƙwarewa mutane ke aunawa ba, so suke su ga ka yarda ka yi kuskure a gabansu a gyara maka, ka zama kai ne mai nema.

Mu Hausawa bai kamata mu yi saurin yi musu dariya ba don mu ne sarakan zango. Je Kumasi ko Accra ka gani, je Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan inda zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune har yau. Baƙo ya nemi 'yan uwansa ya raɓa dabi'ar ɗan Adam ce, ba laifi bane. Sai dai fa akwai bambanci, mutumin zango da ya je fatauci dole ta sa shi koyon Twi ko Larabci saboda abincinsa a hannun 'yan gari yake, sarkin zango dole ya san ƙofar fadar mai ƙasa, a hankali aka yi auratayya aka haɗa jini. Shi kuwa mai fansho daga Ingila abincinsa daga banki yake zuwa duk wata, ba abin da zai tilasta masa, shi ya sa nake ganin duk wanda ya shiga cikin mutane a cikinsu da niyyarsa ya shiga, kuma ya cancanci a yaba masa.

Wani abu kuma da yake sosa min rai shi ne sunan da suke kiran kansu. Basu cika yarda a ce musu 'yan ci-rani ko baƙin haure ba, expat suke cewa, kalma mai tsabta da aka keɓe wa wanda ya fito daga ƙasa mai arziki. Alhali ƙasarsu, in ɗan Kano ko ɗan Kumasi zai bi matarsa can sai ya ci jarrabawar Ingilishi kafin a bashi biza, in zai nemi zama na dindindin sai ya ƙara da wata jarrabawar kan tarihi da rayuwar Birtaniya wadda aka fara tun 2005. 'Yan siyasarsu kullum kuka suke baƙi sun ƙi sajewa. To wanda ƙasarsa ke neman haka daga wasu, ai bai dace ya shekara 12 yana nuna burodi da yatsa ba.

Sai dai abin takaicin, da guguwar ta zo waɗanda suka saje ɗin ta fi yi wa illa. An yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yuni 2016, kuma duk ɗan Birtaniyan da ya wuce shekara 15 a waje ba a bashi damar jefa ƙuri'a ba, wato waɗanda abin ya fi shafa su aka rufe wa baki, sai a 2024 aka cire wannan ƙa'ida bayan aikin gama ya gama. Ƙasar ta fita ranar 31 ga Janairu 2020, makonni kaɗan kafin zaɓen ƙananan hukumomin Faransa na watan Maris. A Faransa ɗan Tarayyar Turai yana iya zaɓe a ƙauyen da yake zaune, yana iya zama kansila duk da ba zai zama magajin gari ko mataimakinsa ba, kuma a lokacin ɗaruruwan 'yan Birtaniya suna riƙe da irin wannan kujera a faɗin Faransa, a ƙauyukan da wani lokacin da ƙyar ake samun masu son tsayawa don aikin wahala ne ba albashi, zaman taro da dare kan maganar kwalbati da rufin coci da motar 'yan makaranta. Dare ɗaya duk suka rasa, ba takara ba ƙuri'a. Masu gidan hutu su ma sun ji a jikinsu, yanzu kwana 90 cikin kowane 180 kawai zasu yi sai da biza, amma wannan takura ce ta tafiya. Shi dattijon gidan burodi me ya rasa? Katin zama ya nema aka bashi, rayuwarsa na nan yadda take, dama ko hanyar rumfar zaɓe bai sani ba.

Sifaniya ta nuna ana iya gyarawa, tun Janairun 2019 ta sa hannu da Birtaniya kan yarjejeniyar da ta bar wa mazauna ƙasashen biyu damar zaɓe da takara a ƙananan hukumomi. Faransa kuwa tsarin mulkinta 'yan Tarayyar Turai kaɗai ya buɗe wa wannan ƙofa, an daɗe ana alƙawarin faɗaɗa ta tun zamanin shugaban ƙasa Mitterrand a 1981 ba a cika ba. Ni a ganina wanda ya shekara goma yana biyan haraji a ƙauye, yana zuwa jana'iza, yana cikin aikin gayya, ya kamata a bar shi ya zaɓi wanda zai gyara masa hanya, ko daga Manchester ya fito ko daga Maradi ko Bamako, don ma'aikatan Afirka da suka tsufa a Faransa sun fi 'yan Ingila daɗewa suna jiran wannan haƙƙi.

Har yanzu muna gaisawa da iyalan mai gonar nan ta WhatsApp. Da na tambayi labarin matar nan mai lema sai suka ce kujerar kam ta tafi tun 2020, amma duk zaman majalisa tana zuwa ta zauna a kujerun baya na 'yan kallo, kuma ta shigar da takardun neman zama 'yar ƙasa. Jikar manomin nan da ya rasu ce ke zuwa gidanta duk yammacin Laraba tana yi mata tambayoyin tarihin Faransa, saboda ganawar da za a kira ta a ofishin gwamnati.